Zancen Malam: Kada Ka Je Ikko Ka Komo Ba Ka Ga Teku Ba

 Muna fata an kai amfanin gona gida lafiya. A wajenmu nan ƙasar Maska an gama yankan dawa, masara ta shiga rumbu, waken suya yana buhu, masu auduga kuma suna ta kai kaya kasuwa. To, lokacin tafiye-tafiye ke nan ya zo. Daga yanzu har Ista za a yi ta bukukuwan aure, da ziyarar 'ya'ya da ke aiki a kudu. Da yawa cikinku za su doshi Ikko, wadda yaran yanzu su ke kira Legas. Zancenmu na wannan wata dominsu ne.

Abin da ya jawo maganar shi ne wani dattijon ikkilisiyarmu. Ya tafi Ikko bikin jikarsa, ya kwana 9. Da ya komo, ran Lahadi bayan sujada muka kewaye shi a gindin darbejiya, muka ce, "Baba, yaya teku?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, ban gan ta ba." Muka ce, "Subhana, kwana 9?" Ya ce, "An gaya mini a Ikko ko numfashi ka yi sai ka biya. Na ga kuɗin da ke aljihuna na motar komowa ne. Sai na zauna a ɗaki ina sauraron rediyo." Mutum ya yi tafiyar da ta kusa kilomita 1,000, a shekarunsa mai yiwuwa ba zai sake yin ta ba, ya komo da labarin bangon ɗaki kaɗai.

Akwai kuma wani saurayi a ƙauyen da ke kusa da mu. Shi ya sayar da buhun masara 4 ya tafi. Ya shiga manyan kantuna, ya ci abinci inda a ke hura sanyi, ya ɗauki hotuna. Da marka ta sauka muka gan shi yana neman mudun masara bashi, matarsa da goyo. Ɗaya tsoro ya ci shi, ɗaya kuma ɓarna. Dukansu biyu sun ɗauka ba a ganin Ikko sai da kuɗi mai yawa. Mu kuwa mun je mun gani, abubuwan da suka fi amfani a garin nan kyauta ne, ko kuwa kuɗinsu kaɗan ne ƙwarai.

MAI MASAUKI MA YANA DA TASA

A watan Disamba na 2024 muka tafi, mu da uwargida da yara 3, muka sauka wurin ƙanenta a Agege. Aikin gadi ya ke yi, ɗakinsa ciki da falo. Ya yi murna da mu ƙwarai. Ran da muka kwana 2 ya ce gobe zai ɗauki shatar mota ya kai mu bakin teku na masu kuɗi, daga can mu wuce wani babban kanti. Da dare uwargida ta raɗa mana abin da matarsa ta gaya mata wajen girki: ashe ya karɓi albashin watan Janairu tun bai shigo ba, don kada a ce 'yan'uwan sun zo daga gida bai fita kunyarsu ba.

Da safe muka kira shi gefe. Muka ce, "Ka mai da kuɗin nan inda ka karɓo." Ya ce, "Haba Yaya, sai a ce me a gida?" Muka ce, "Sai a ce mun zo mun same ka lafiya, mun bar ka lafiya. Mu dai ka ba mu ƙafarka da bakinka, ka nuna mana hanya."

Jama'a, mu lura da wannan. Baƙo raɓa ne, gobe ya tafi. Amma bashin da aka ci dominsa yakan zauna wata da watanni. 'Yan'uwanmu da ke Ikko suna biyan haya mai tsada, suna sayen ruwa, suna sayen kowane ƙwayar hatsi da mu mu ke ɗiba a rumbu. Wanda zai je musu ziyara ya riƙa musu dawa ko wake, da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa. Tun ran da ya sauka kuma ya faɗa musu a fili ba ya son a yi ɗawainiyar da ta fi ƙarfi.

Ga yadda muka yi da kwana 3 da muka keɓe don ganin gari.

RANA TA FARI: TSIBIRIN IKKO DA ƘAFA

Muka yi sammako. A Ikko wanda bai fita da asuba ba, a cikin gosulo zai wuni. Akwai jirgin ƙasa na cikin gari da su ke kira Red Line, ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba na 2024, yana tsayawa a Agege, da Ikeja, da Oshodi, da Yaba, har Oyingbo. A tambayi lokacin tashinsa tun da dare. Ba a biya da tsabar kuɗi, sai da wani kati mai suna Cowry, ana sa masa kuɗi a tasha, shi ne kuma a ke shiga manyan bas na gwamnati da shi. Sunan katin nan ya ba mu dariya, gama ma'anarsa wuri. Kuɗin kakanninmu ke nan, wanda jiragen ruwa su ke saukewa a wannan gaɓa, fatake su kai shi arewa a kan jakuna.

Yaranmu ba su taɓa shiga jirgin ƙasa ba, ko da ya ke suna tsallake dogo kullum a Funtua. Muka gaya musu layin nan namu da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua, a 1929 ya kai Kaura Namoda. Shekara da shekaru audugar ƙasar Maska da gyaɗarta ta nan su ke bi har Apapa, a loda su a jirgin ruwa. Watau audugarmu ta riga mu ganin teku.

Daga Oyingbo muka shiga bas muka haye gada zuwa tsibiri. Kwandasta yana ta ihu, "CMS! CMS!" Mai yiwuwa shi kansa bai san abin da ya ke kira ba. Sunan ƙungiyar mishan ta Angilika ne, wadda kantin littattafanta ya ba tashar suna. Ita ce ta aiko Dokta Miller ƙasar Zazzau, mutumin da ya yi aiki mai yawa a kan Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Mutanen Wusasa sun san labarin.

Taku kaɗan daga tashar ga babbar majami'ar Angilika ta titin Marina. An aza harsashin ginin da ke tsaye yanzu a 1925, aka gama a 1946. Ba a biyan kome. Muka gai da mai tsaron ƙofa, muka shiga muka zauna shiru, muka yi addu'a. A nan ne aka mai da ƙasusuwan Bishop Samuel Ajayi Crowther. Wannan mutum yana yaro mahara suka kama shi a 1821, aka sayar da shi, aka sa shi a jirgin bayi a nan Ikko. Sojojin ruwa na Ingila suka tare jirgin a 1822, suka sauke shi a Saliyo. Ya yi karatu, ya zama malamin makaranta, ya zama fasto, a 1864 kuma aka naɗa shi bishop, baƙar fata na fari a ikkilisiyar Angilika. Ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba, 1891. Babban ɗanmu ya sha rubuta sunan nan a jarrabawa. Ran nan ya tsaya ya daɗe bai ce kome ba.

Daga can muka bi Broad Street da ƙafa zuwa Freedom Park. Tsohon kurkukun Turawa ne, inda aka taɓa tsare Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo. A 2010 aka mai da shi wurin shan iska. Ana biyan kuɗin ƙofa kaɗan. Akwai inuwa da wurin zama, an kuma bar alamar ɗakunan fursuna, don mutum ya ga ƙanƙantarsu da idonsa.

Gaba kaɗan sai Dandalin Tafawa Balewa. Dā filin sukuwa ne. A nan aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya daren 1 ga Oktoba, 1960. Kallo daga waje ba a biya. Muka tuna wa yara mutumin da aka sa wa dandalin sunansa malamin makaranta ne daga Bauchi, a Kwalejin Katsina kuma ya yi karatu.

Ƙarshen tafiyar ranar shi ne Gidan Tarihi na Ƙasa a Onikan, wanda aka buɗe a 1957. Kuɗin shiga ba shi da yawa, na yara kuma bai kai na manya ba. Mun ga kawunan yumɓu na Nok, daga kudancin Jihar Kaduna, da suka haura shekara 2,000. Mun ga aikin tagulla na Binin. Mun kuma ga baƙar marsandin da Janar Murtala Muhammed ke ciki ran 13 ga Fabrairu, 1976, da aka harbe shi a hanyarsa ta zuwa ofis. Hujin harsashi yana nan a jikinta. Uwargida, wadda tun tana yarinya ta ke jin labarin a bakin mahaifinta, sai da ta share ido.

Da za mu koma muka nemi bas mai bi ta doguwar gadar nan, Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka gama a 1990. Kuɗin bas kaɗai ka biya, ka sha kallon ruwa hagu da dama, da masunta cikin kwalekwale. Amma a kula. Ruwan nan da a ke gani daga gada ba shi ne teku ba, babban tafki ne da ke haɗe da ita. Sunan Legas ma daga kalmar mutanen Fotugal ya fito mai nufin tafkuna. Mutanenmu da yawa daga nan su ke juyawa, su je gida su ce sun ga teku. Ganin Dala ba shiga birni ba.

RANA TA BIYU: NEMAN NAMU

Ranar Lahadi ce. Ƙanen uwargida ya kai mu majami'ar da ya ke sujada, inda a ke yi da Hausa. Ikkilisiyoyinmu na arewa suna da rassa a Ikko, a unguwanni da kuma barikokin soja da na 'yan sanda. A benci ɗaya ga mutumin Zuru, ga na Tangale, ga na Kagoro, ga na Biu, ga mu Katsinawa, littafin waƙa ɗaya a hannunmu duka. Da aka ce baƙi su tashi, muka faɗi daga inda muka fito, sai wata tsohuwa ta yi guɗa daga baya. Ashe 'yar Kafur ce, shekararta 30 a Ikko. Ba ta bar mu mun tafi ba sai da muka ci tuwo a gidanta, tana ta tambayar wane da wance, waɗansu sun daɗe da rasuwa ba ta ji ba. Kowa zai je Ikko ya nemi sujadar Hausa. Baiko kaɗai zai kashe, ya komo da 'yan'uwa.

Da la'asar muka zaga Agege da ƙafa. Hausawa sun daɗe a nan, tun zamanin fataucin goro. Akwai zango, akwai sarkin Hausawa, akwai mai shayi da mai tsire da wanzami, kai ka ce Sabon Garin wani gari ne na arewa. Haka kuma Idi-Araba da Obalende. Zaman Hausawa a Ikko ya girmi Nijeriya kanta. A 1863 wani Baturen sojan ruwa mai suna Glover ya tara Hausawa 18 a garin ya ba su bindigogi, daga wannan 'yar ƙungiya ce sojan Nijeriya ke ƙirga asalinsa.

Wanda ke da sauran lokaci ya je kasuwar Mile 12 da sassafe a ranar aiki. Mu mun je ran da za mu taso. Can ne manyan motoci ke sauke tumatir da tattasai da attaruhu da albasa daga arewa, Hausa kuma a ke yi ko'ina. Muka tambayi kuɗin kwandon tumatir, muka sa yara su gwada da yadda a ke sayar da shi a Danja. Sa'an nan wani dillali ya lissafa musu abin da ke tsakani: kuɗin mota, da na lodi da saukewa, da abin da a ke bayarwa a hanya, da kwandunan da ke ruɓewa kafin a iso. Duk manomin rani ya kamata ya ji wannan lissafi sau ɗaya da kunnensa. Ba a karɓi ko kwabo a hannunmu ba.

RANA TA UKU: BADAGRY DA TEKU

Tsofaffin sojoji da 'yan kasuwa da suka zauna Ikko a shekarun 1970 za su ce muku ku je Bar Beach, kowa na zuwa kyauta. Ku gode musu, amma wurin nan babu shi yanzu. Daga 2008 zuwa gaba aka cike shi da yashi, ana gina sabuwar unguwa mai suna Eko Atlantic a kai. Yawancin bakin teku na wajen Lekki yanzu akwai ƙofa da mai karɓar kuɗi, in ka shiga kuma kujera ma haya ce. Don haka muka zaɓi Badagry, can yamma a hanyar iyakar Jamhuriyar Benin. Ana samun mota daga Mile 2. Wanda ya taso daga tsibiri ya shiga jirgin Blue Line daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, wanda aka buɗe a watan Satumba na 2023. Kuɗin motar Badagry shi ne mafi yawan abin da muka kashe a kwana 3 ɗin nan. Ba mu yi da-na-sani ba.

Ga Kirista na Nijeriya, Badagry kamar tushen gida ne. A watan Satumba na 1842 Rabaran Thomas Birch Freeman na Metodis ya sauka a garin, ya yi wa'azi a gindin wata babbar bishiya da su ke kira Agia. A Disambar shekarar nan shi da Henry Townsend na CMS suka yi sujadar Kirsimati a wurin. Hadari ya ka da bishiyar a 1959, an kafa alama a gurbinta. Tsayawa a wurin kyauta ne. Kusa da nan akwai gidan mishan da Rabaran Gollmer ya gama ginawa a 1845. Mai yi mana jagora ya ce shi ne bene na fari a Nijeriya. Mu da mu ke da Hasumiyar Gobarau a Katsina muka yi murmushi, muka ce a dai ce na fari irin ginin Turawa. Ya yi dariya ya yarda. A sama suna nuna ɗakin da Crowther ya zauna, da tsohon Littafi Mai Tsarki na Turanci da na Yarabanci.

Ta wannan gaɓa dai Bishara ta yi ta shigowa har ta iso mu. Ran 4 ga Disamba, 1893, samari 3 suka sauka a Ikko da nufin zuwa ƙasar Hausa: Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Cikin wajen shekara ɗaya Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Daga wannan mafari mai kama da hasara SIM ta fito, daga ita kuma ECWA a 1954.

Amma Badagry tana da wani labari mai ɗaci. Kafin ta zama ƙofar shigowar Bishara, ƙofar fitar bayi ce. Akwai ƙananan gidajen tarihi a bakin ruwa, kowanne da ɗan kuɗin shigarsa. In aljihu bai kai a shiga duka ba, a zaɓi ɗaya. Mu mun shiga gidan Seriki Abass, wani attajirin bayi, mai ɗakuna 40 inda a ke tsare mutane kafin jirgi ya zo. Sarautar tasa ma, Seriki, daga kalmarmu ta sarki aka aro ta. Suka ɗora wa babban ɗanmu sarƙar wuya ya ji nauyinta, bai iya minti ɗaya da ita ba. Kada kuwa mu ce wannan labarin Yarabawa ne kaɗai. A farkon ƙarni na 19 an fitar da Hausawa masu yawa ta wannan gaɓa zuwa Bahia ta ƙasar Birazil. Yawansu ya kai har suka shirya tawaye a can a 1807, suka kuma tayar a 1814. Wa ya sani ko a cikinsu akwai wanda aka kama yana noma a ƙasar Maska?

Daga nan muka shiga kwalekwale mai inji, kowa da rigar ruwa, muka haye tafki zuwa tsibirin Gberefu. Sai tafiyar ƙasa ta wajen rabin awa cikin yashi, hanyar da bayi su ke bi. Ƙarshenta da Turanci suna ce masa Point of No Return, watau inda ba a komowa. Tun kafin mu iso muka fara jin ruri kamar hadarin Agusta yana tasowa, ga sama kuwa garau. Muka hau ɗan tudu. Sai ga ta.

Ba mu da bakin kwatanta muku. Autarmu, wadda babban ruwan da ta sani shi ne dam ɗin Mairuwa, ta riƙe rigarmu ta ce, "Baba, ina ɗaya gaɓar?" Muka nuna mata kudu maso yamma muka ce in ka miƙe nan ba ƙasa sai Birazil. Muka zauna a yashi, muka buɗe Zabura 104, inda mai zabura ya yi zancen babbar teku da jiragen da ke tafiya a kanta, muka karanta tare. Mun sha karanta wurin nan a gida. Ran nan ne muka san abin da mutumin ya gani.

Da ya ke hali ba ya barin mai shi, sai da muka yi darasi. Kowa ya ɗanɗana ruwan ya tofar. A kowace lita akwai gishiri wajen giram 35, shi ya sa ba a sha, ba a ban ruwa da shi. Muka kafa kara a iyakar inda ruwa ke kaiwa, bayan awa 2 muka duba, ruwan ya wuce shi. Teku takan cika ta janye sau 2 a kwana ɗaya, jan wata ne ke sa haka. Can nesa kuma ga wani jirgin ruwa, samansa kaɗai a ke gani, gindinsa ya ɓuya. Muka ce, "To, ga shaidar da mu ke gaya muku a aji cewa duniya a dunƙule ta ke."

A nan ne kuma muka tsorata. Ɗanmu na tsakiya, gwanin iyo a rafin garinmu, ya matsa har ruwa ya kai masa gwiwa. Igiyar ruwa ta zo ta buge shi, da za ta koma ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ta ja shi. Kawunsa ne ya yi tsalle ya cafke hannunsa. Takalminsa ɗaya ya tafi ke nan. Wani masunci da ke gyaran koma ya yi mana faɗa sosai, mun kuwa cancanta. Ya ce ruwan nan yana da ja ta ƙarƙashi, su da aka haifa a bakinsa ma suna jin tsoronsa. Iyaye, ku ji da kyau. Iyon rafi da na dam ba ya aiki a tekun Ikko. Yaro ya tsaya inda ruwa ke taɓa idon sawu, hannunsa cikin na babba.

'YAN SHAWARWARI

Abinci ne ke cinye kuɗin baƙo. Ku karya a gida, ku riƙe guzuri da ruwa a gora. Mu mun tafi da ƙuli-ƙuli da soyayyar gyaɗa da dambun nama daga gida, a hanya kuma mu sayi burodin Agege da dafaffen wake, kowa ya ƙoshi.

Ku shiga mota a tasha. Kada ku tsai da wadda ba ku sani ba a bakin titi don an ce ta fi araha, gama akwai ɓarayi masu yawo da mota kamar ta haya. Ku tambayi kuɗi kafin ku zauna, haka kuma wurin mai kwalekwale da mai jagora, a yi ciniki tun ba a tashi ba. Kada ku shiga ruwa ba rigar ruwa, ko bayan faɗuwar rana.

Ku rubuta sunan unguwa da lambar wayar mai masauki a takarda, ku sa wa kowane yaro a aljihu. Ku raba kuɗinku wuri 2, na motar komowa gida kuma a bar shi a masauki. Kada ku ɗauki hoto a ƙofar bariki ko tashar jiragen ruwa. Farashi da lokutan buɗe wurare sukan canja, saboda haka ku tambaya kafin ku fita. Baƙo ko da ido makaho ne, amma matambayi ba ya ɓata.

Sai maganar tsaraba, wadda ke sa mutane da yawa cin bashi. Kwakwa tana da araha a Badagry, mun sayo ta gida da ta maƙwabta. Yara suka tsinci bawon katantanwar teku cike da leda, suka raba wa abokansu. Mu kuma muka cika gora 2 da ruwan teku. Ɗaya muka kai makaranta, muka tafasa a gwangwani a gaban 'yan aji har ya ƙone, farin gishiri ya rage a gindi. Har yau suna zancen.

Ɗayar kuwa muka kai wa dattijon nan. Ya zuba kaɗan a tafin hannu, ya lasa, ya yamutsa fuska. Ya ce, "Ashe gaskiya ne." Ya sa muka ba shi labari tun daga Agege har Gberefu, ya tambayi nawa muka kashe. Da muka faɗa masa ya riƙe baki. Ya ce, "Malam, ai ina da fiye da haka a aljihuna ran nan." Ya ce in Allah ya ja kwana, ƙanwar amaryar nan ma ta kusa aure.

Ƙanen uwargida kuma ya karɓi albashinsa na Janairu cif. Ya aiko mana cewa ya kai matarsa da 'ya'yansa gidan tarihin Onikan. Shekararsa 11 a Ikko, sai da muka je ya san inda wurin ya ke.

Ubangiji ya kiyaye fitarku da shigarku, ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya. Wanda ya je ya rubuto mana abin da ya gani. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu.